Tirelar Warwick Ba Ta Yoyo

A can ƙarshen layi, inda gidaje suka ƙare gonakin rake suka fara, akwai wani mutum ana ce masa Warwick Tonkin. Sunan garin ba sai an faɗa ba, ƙaramin gari ne, magana ba ta wuyar komawa. Shi dai Warwick ɗin nan ya taɓa yin aikin sati biyu a wajen masu ƙera jirgin ruwa, shekara talatin ke nan, kafin su ce ya je gida ya huta. To tun daga ranar, duk abin da ya shafi ruwa a duniya shi ne gwaninsa. Ko famfo ne ya ɗiga a gidan wani, sai ka gan shi ya tsallako shinge da sifana a aljihun gajeren wando, yana cewa, "Lokacin da muke ƙera jirage..."

Matarsa Noelene ba ta da surutu. Kaji take kiwo, farare masu gashi kamar auduga. Shekara tara tana kai zakara gasar kaji a bikin baje-kolin gona na garin gaba, shekara tara tana dawowa da jan ribon, ƙyallen kyautar wanda ya zo na biyu. Shuɗin kuwa, na ɗaya, kullum Desley ce take tafiya da shi, wata mata mai gilashi da ke zaune bayan makaranta. Amma bana Noelene tana da Manjo. Zakara ne fari ƙal, in ya tsaya ya turo ƙirji sai ka ce ya san ana kallonsa. Ba ta gaya wa kowa tana sa rai ba. Sai dai takan tsaya bakin keji ta dube shi, ta koma ciki.

Da ƙaramar tirela suke kai kajin, irin rufaffiyar nan mai ƙofa a baya da ake ɗaura wa a-kori-kura. Tsohuwa ce, tana yoyo a kusurwa ɗaya, ta gaba a hagu. Ɗigo-ɗigo ne. Noelene takan ajiye tsumma a wajen, shi ke nan.

Ran Lahadi suna shan shayi, Warwick ya ajiye kofi ya ce, "Noel, na yanke shawara. Tirelar nan zan mai da ita kamar jirgin ƙarƙashin teku."

Ta ce, "Bikin ran Asabar ne fa."

"Kwana shida ai har da ragi."

"Kusurwa ɗaya ce take ɗiga, Woz." Haka take kiransa.

"Kusurwa ɗaya kika gani. Ni mai idon aiki na ga goma sha biyu. Ke dai ki ji da wankan zakaranki. Ran Asabar ko ɗigo ɗaya ya taɓa shi, ki kira ni da sunan da kika ga dama."

Noelene ta ɗauki kofunan ta tafi wanki, ta wanke ɗaya sau biyu.

Ran Litinin ya dawo daga kantin kayan gini da kwali cike da gam, gwangwanayen kumfar toshe rami, gwangwanin baƙin fentin roba, da wata hular ƙarfe da ake ɗora wa rufi don iska ta shiga. Ya jingina tsani ya hau saman tirela da silifas. Maƙwabcinsu tsoho Sal, mai gonar ayaba, ya jawo kujera bakin shinge ya zauna da kofinsa. Shi Sal in ya ga Warwick da tsani ba ya kunna talabijin.

Ya ce, "Mutumina, kwanon nan siriri ne. Ba a takawa a tsakiya."

Warwick ya ce, "Sal, na yi tafiya a kan jirgi ana igiyar ruwa. Ni na san inda ake taka ƙarfe."

Ya taka tsakiya. Kwanon ya ce ɓum, ya lotsa kamar kwanon sha, Warwick ya zauna daɓas a ciki, silifas ɗaya ya tashi ya faɗa gonar Sal.

Noelene ta leƙo ta taga. "Me ya fashe?"

"Ba abin da ya fashe. Gwada ƙarfinsa nake."

Sal ya ce, "Ya ci jarrabawar?"

Warwick ya sauko yana dafe da ƙugu, ya ja da baya ya ƙare wa lotsawar kallo, ya ce ai ma gara haka, a nan zai sa hular iskar, ta zauna a kwari iska ba za ta fizge ta ba.

Ran Talata ranar gam ce. Ya shiga ciki ya bi duk wata tsaga ya cika. A ƙasa, kusurwa huɗu, akwai 'yan ramuka kamar na shigar yatsa. Ya tsaya a kansu yana girgiza kai.

"Dubi wannan aikin banza. Rami a cikin tirela, har huɗu."

Sal ya ce daga shinge, "Na fitar ruwa ne. In ya shiga, ta nan yake zurarewa."

"Ruwan da bai shiga ba, ta ina zai fita? Ka yi tunani mana, Sal."

Ya toshe su duka, ya ƙara da faci a kai. Daga nan ya manna wa ƙofar baya sabuwar roba layi biyu, ya zuba gam kamar mai shafa man gyaɗa a burodi. Sai ya ce bari ya ga ko haske na shigowa. Ya jawo ƙofar daga ciki ya rufe gam-gam, ya tsaya cikin duhu yana dubawa. Babu haske ko kaɗan. Ya ji daɗi, ya zauna yana yaba kansa har gam ya kama.

Noelene tana yanke wa Manjo farce ta ji ana buga ƙarfe. Ta ɗauka Warwick ne ke aiki, ta ci gaba. Sai da Sal ya kira ta.

"Noelene, mijinki yana ciki. Tun ɗazu. Na ce bari in ga ko zai fito da kansa."

Suka taru a ƙofa, ita tana ja, Sal yana bi da wuƙar yankan ayaba yana yanka gam. Daga ciki murya tana cewa, "Kar ku ɓata min robar. A hankali. Sal, ta gefen dama." Da ƙofar ta buɗe ya fito jiƙe sharkaf da gumi, fuskarsa ja kamar tumatir, gam a gira. Ya sha ruwa kofi uku kafin ya iya magana.

Abin da ya fara cewa shi ne, "Kun gani? Ko iska ba ta shiga."

Noelene ta ce, "Kajina fa suna numfashi, Woz."

"Shi ya sa na sayo hula."

Ran Laraba ya fesa kumfa tsakanin bango da bango, don kada zafi ya shiga. A jikin gwangwanin an rubuta a cika rabi, don tana kumbura. Warwick ya ce rabi na masu koyo ne, ya cika fal. Kafin azahar bangon tirela ya turo ciki ta dama da hagu, kumfa tana fitowa ta fitilar baya kamar ƙullin da ya tashi. Mai kawo wasiƙu ta tsaya da babur ta tambaya wata nawa ne cikin. Warwick ya yini yana yanke kumfa da wuƙar burodin Noelene, yana cewa a jirgi ma haka take yi.

Ran Alhamis ya sake hawa. Ya yanke rami a tsakiyar lotsawar nan, ya ɗora hular. Hular tana da baki buɗe ta gefe ɗaya, kamar bakin ludayi. Ya juya bakin ya kalli gaba, wajen mota, ya ɗaure da noti takwas.

Sal ya ajiye kofi. "Warwick, ka juya ta. Bakin baya yake kallo."

"In ya kalli baya ta ina iska za ta shiga? Mota gaba take tafiya, iska daga gaba take zuwa. Kaji za su sha iska kamar suna bakin teku."

"Ruwan sama ma daga gaba yake zuwa."

"Ruwan sama daga sama yake zuwa, Sal. Sunansa ke nan."

"In kana gudu fa?"

"Kai ayaba ka sani. Kawo tiyo in nuna maka."

Ya tsaya a bayan tirela, ya saki ruwa a kanta minti goma, ta baya, ta gefe, yana fito. Aka buɗe. Ciki a bushe ƙamas. Ya kira Noelene ta zo ta taɓa da hannunta. Ta taɓa kusurwar hagu, a bushe. Har ta ɗan ji sanyi a ranta, ta ce ko dai wannan karon ya yi daidai. Sal ya ce a fesa ta gaba mana. Warwick ya ce ruwan gari ba na wasa ba ne, ya naɗe tiyo.

Da yamma ya malale ƙasan da baƙin fentin roba, har ya hau bango kamu ɗaya. Noelene ta ɗauki gwangwanin ta karanta a hankali.

"Woz, an ce kwana bakwai kafin ruwa ya taɓa shi."

"Wane ruwa?"

Ta ajiye gwangwanin.

Ran Juma'a ta Noelene ce. Ta wanke Manjo a bahon wanki da sabulun jarirai, ruwa uku, na ƙarshe da 'yar bula don farin ya fito. Ta goge ƙafafunsa da tsohon buroshin haƙori. Ta naɗe shi a tawul, ta zauna da shi a cinya tana busar da shi da abin busar da gashi, awa biyu, gashi ɗaya-ɗaya, shi kuma ya lumshe ido. Ta shafa masa ɗan mai a zanko. Da ta gama sai ya zama kamar gajimare mai ƙafa biyu. Ta wanke kaji mata biyu da za su raka shi, ta zuba sabon garin katako a kejina. Abinci ma ba ta iya ci ba.

Asabar da safe sama ta kece da ruwa. Ruwa irin na nan, wanda ba ka ganin motar gabanka. Warwick ya fito baranda yana murza hannu.

"Yau za a san waye waye."

Suka sa kejina uku a ƙasan tirela ƙarƙashin lema, ya rufe ƙofa, ya danna sakata biyu. Sal ya ɗaga musu hannu, ya ce shi ma yana tafe, yau ba ranar zama gida ba ce.

Tafiyar kilomita arba'in ce. Warwick ya taka mota, wai don kaji su sha iska sosai. Sun yi kamar rabin hanya, Noelene ta ji motar tana wani abu. In ya taka burki sai a ji an turo su daga baya, in ya saki sai a ja su.

"Woz, me ke turo mu?"

"Nauyin aiki mai kyau ne. A da fanko muke ja."

Can suka hau 'yar gada, ta ji wani sauti daga baya, kamar an karkata baho.

"Ka tsaya in duba su."

"Ki buɗe ƙofa cikin ruwan nan? Ke da kanki za ki jiƙa shi, bayan wahalar da na sha?"

Ta dubi ruwan, ta ga kamar da gaskiyarsa. Ta riƙe jakarta da hannu biyu, tana ta murza igiyar har suka isa.

A filin baje-koli ruwa ya ɗan tsagaita. Warwick ya yi baya-baya da tirela har bakin rumfar kaji, inda mutane suka taru suna fakewa. Desley tana nan da gilashinta da kejinta a lulluɓe. Alƙalin gasa, Mista Hargreave, yana tsaye da farar rigarsa doguwa da allon rubutu. Sal ma ya iso, ya nemi wuri mai tudu ya tsaya.

Warwick ya fito ya bubbuga bangon tirela. "Jama'a, ku matso. Duk mai tirela mai yoyo ya zo ya ga aiki. Kilomita arba'in cikin ruwan nan. Mista Hargreave, matso kusa, kai ne mai idon duba abu."

Mista Hargreave mutum ne mai kunya, ya matso.

Noelene ta ce, "Woz, buɗe kawai."

"Da hannuna na yi, kwana huɗu. A jirgi muna ce wa wannan..."

Ya zare sakata ta farko. Ya zare ta biyu. Ƙofar ba ta jira shi ba, ita ta buɗe kanta. Baƙin ruwa ya fito gaba ɗaya, da garin katako, da guntayen kumfa, da kwanon abincin kaji yana juyi a sama. Ya kwashe ƙafafun Warwick ya zaunar da shi a taɓo, ya bi ta kan takalman Mista Hargreave ya hau har gwiwa, ya shige rumfar kaji. Agwagin da ke kejin ƙasa suka hau murna. Ruwa ya yi ta zuba, ya yi ta zuba, mutane suna ɗage ƙafa.

A ciki, kejina uku sun taru a kusurwa ɗaya. Kajin mata sun maƙale a jikin waya. Manjo yana tsaye kan sandarsa, da rai, amma duk burkin da Warwick ya taka a hanya yana jikinsa. Gajimaren jiya ya koma kamar tsumman goge inji. Ya dubi jama'a, ya girgiza, ya watsa wa farar rigar alƙali abin da ya rage.

Sal ya ce, "Sun sha iska kuwa."

Nan dariya ta ɓarke. Noelene ba ta ji ta ba. Ta shiga ta ɗauko Manjo ta rungume, baƙin fenti yana bin rigarta. Ta dubi agogon rumfa, saura minti arba'in a rufe karɓar kaji.

Sai ta ji an taɓa kafaɗarta. Desley ce.

"Kawo shi."

"Desley, ya riga ya..."

"Ke, kawo shi na ce. Shekara tara ina kayar da ke, ba zan kayar da ke don mijinki ya yi masa wankan fenti ba. Akwai abin busarwa a jakata. Naki fa?"

"Yana mota."

"Ɗauko."

Suka shige banɗakin mata. Desley ta aika aka karɓo man girki a wajen masu suyar nama, suka murje fentin da shi, suka bi da sabulun wanke-wanke, ruwa huɗu. Wata mata ta riƙe ƙafafu, wata ta tsaya a ƙofa tana korar masu shigowa. Abin busarwa biyu suna ta kuka. Desley tana busa tana faɗa.

"Ni mijina ya taɓa cewa zai gyara min keji. Na ɓoye guduma. Har ya rasu bai gan ta ba."

Noelene ta yi dariya, hawaye na zuba, ba ta daina busawa ba. Saura minti biyu suka sa Manjo a kejin gasa. Ya yi fari. Ba kamar jiya ba, amma ya yi fari.

Mista Hargreave ya zo da wandon aro wanda bai kai masa idon sawu ba. Ya bi kaji ɗaya-ɗaya. Da ya zo kan Manjo ya daɗe. Ya ɗaga shi, ya juya shi, ya duba ido, ya duba ƙafa. Ya buɗe fiffiken dama, fes. Ya buɗe na hagu. Can ƙasa, inda hannu bai kai ba, ga baƙin fenti kamar tafin yaro.

Ya maƙala shuɗin ribon a kejin Desley. Ya dawo ya maƙala ja a na Manjo. Sai ya tsaya, ya yi ƙasa da murya.

"Misis Tonkin, ba don fiffiken nan ba, shekara goma ban ga zakara kamarsa a rumfar nan ba."

Noelene ta ce, "Na gode." Ta cire ribon ɗin ta ninke ta sa a jaka. Desley ta cire gilashi tana gogewa, ba ta kalli kowa ba.

Da aka tashi, Noelene ta fito da kajinta. Sal ya taya ta kwance tirela daga jikin a-kori-kura. Ta sa kajin mata a kujerar baya. Manjo ta sa kejinsa a gaba, wajen zaman Warwick, ta ɗaura masa bel. Ta zagaya ta shiga wajen direba.

Warwick yana can bayan tirela, baƙi daga ƙugu zuwa ƙasa, mutane sun kewaye shi. Tun ɗazu bai bar wajen ba.

Yana cewa, "Ku dai ku duba ƙasan nan. Kilomita arba'in, ruwa har ƙwauri, ko ɗigo bai zuba a titi ba. Ku tambayi wanda ya biyo mu. Wace tirela ce a filin nan za ta riƙe haka?"

Wani dogon mutum mai faffaɗar hula, makiyayi daga tudu, ya durƙusa ya leƙa kusurwoyin, ya ƙwanƙwasa ƙasan da yatsa. Ya miƙe ya ce, ba da wasa ba, "Kwamayen shayar da shanuna duk sun tsage. Za ka iya yi musu irin wannan?"

Warwick ya turo ƙirji. Ya hango motar tana wucewa a hankali, ya ɗaga hannu.

"Noel, kin ji? Tsaya ki ji abin da mutumin nan yake cewa."

Noelene ta dube shi, ta ɗaga gilashin taga har sama, ta wuce. Manjo ne kawai ya waiwayo.

Warwick ya bi motar da kallo har ta fita ƙofar fili. Ya sosa gam ɗin da ke girarsa. Sai ya juyo wajen makiyayin.

"Shanu nawa ne?"